Bangon Yamma

Akwai wani mutum a wani gari mai zafi, yana da uwa tsohuwa. Duk shekara idan bazara ta kama, ɗakinta na kwano yakan yi zafi har ta kasa barci, ta kasa cin abinci. Wata shekara ta rame ƙwarai, mutumin ya ji tsoro kada bazara mai zuwa ta tafi da ita. Sai ya ƙudura zai gina mata ɗaki mai sanyi.

A garin kuwa akwai wani maƙerin bango. Ba ya buga bulo. Yakan ɗauki falankin katako biyu marasa kauri, ya sa farin soso mai kauri a tsakaninsu, irin wanda ake tare sabon rediyo da shi a cikin kwali. Sai ya shafa gam, ya sa su a injin matsewa, ya bar su har su zama abu guda. Mutum ne mai haƙuri da aikinsa, ba ya fid da bango daga injin sai gam ya kama sarai, ko da mai shi yana tsaye a ƙofa yana huci.

Mutumin ya je ya duba. Ya tsinke ɗan soso da farce, ya murtsuke shi, ya ce, "Malam, wannan abin da kaza za ta iya tsattsagewa, shi zai riƙe ɗakin uwata?"

Maƙerin bai yi gardama ba. Ya ɗora bango ɗaya a kan duwatsu biyu, ya ce, "Bismilla, hau." Mutumin ya hau, maƙerin ma ya hau, bangon ko lanƙwasa bai yi ba. Maƙerin ya ce, "Katakon shi kaɗai lanƙwashewa yake. Soson shi kaɗai marmashewa yake. Haɗuwarsu ce ƙarfin. Kuma soson ne ke hana zafi wucewa."

Mutumin ya yarda, amma rabin yarda. Ya karɓi bango uku da rufi, ya bar na huɗu. A ransa ya ce, "Yamma ce rana ta fi duka. Inda rana ta fi ƙarfi, can ya kamata a sa bango mai nauyi." Sai ya gina bangon yamma da bulon siminti, ya ƙwanƙwasa shi, ya ji daɗin ƙararsa, maƙwabta ma suka yaba.

Bazara ta zo. Da safe ɗakin da sanyi, har tsohuwa ta sa masa albarka. Amma daga azahar bulo yakan sha rana ya ƙoshi, sa'an nan ya yi ta amayar da zafin a cikin ɗaki, sauran bangon kuwa suka riƙe zafin, ba ya fita. Wata rana mutumin ya shiga ya tarar uwarsa ta ja tabarmarta zuwa gindin bangon gabas, ta jingina kumatunta da shi, numfashi yana yi mata wuya. Ya taɓa bulon, ya janye hannu da sauri. Hawaye suka zubo masa.

Ya koma wurin maƙerin, kunya ta hana shi ɗaga kai. Ya ce, "Malam, na yi wauta. Kwana nawa za a yi kafin a haɗa wani?"

Maƙerin ya kai shi bayan rumfa, ya yaye wani tamfol. Ga bangon na huɗu a jingine, daidai awon ɗakin. Ya ce, "Tun ranar na ajiye shi. Ai ba domin kai na yi shi ba, domin Mama ne." Ko kalma ɗaya ta gori bai faɗa ba. Suka rushe bulon, suka kafa bangon, maƙerin ya bi kowace mahaɗa ya toshe ta da hannunsa. Kashegari da azahar mutumin ya leƙa, ya tarar tsohuwa tana barci, har da minshari.

Ma'anar wannan misali ita ce: ɗakin nan ikkilisiya ce, haka kuma gidan kowannenmu. Katako su ne masu ƙarfi, waɗanda ake gani a gaba. Soso su ne masu tawali'u, waɗanda ba a ganinsu: matar da ke zuwa gidan masu faɗa ta zauna har su huce, dattijon da aka zaga ya yi shiru ya yi addu'a. Gam ɗin ƙauna ce. Mu kuwa, 'yan'uwa, idan rikici ya yi zafi, mukan ce a kawo mai kaushin baki ya tsaya a wurin. Shi kuma, kamar bulon nan, sai ya sha zafin, ya juye mana shi a cikin gida, marasa ƙarfinmu su sha wuya.

Maƙerin nan Ubangiji ne. Abin da muka rena muka bari, bai yar ba, yana nan a ajiye, daidai awonmu. Yau in ka koma gida, ka taɓa bangon yamma na gidanka. In ya ƙona maka hannu, kada kunya ta hana ka komawa wurin Maƙerin.