Shafin Jini da Sunan Jikar Baba Dogara

Ranar Talata ce, sha huɗu ga watan Agusta, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ungozoma ta fito daga ɗakin haihuwa na asibitin Kurmin Tsauni ta gaya wa Baba Dogara cewa 'yarsa Hannatu ta sauka, an samu mace, amma jini ya ƙi tsayawa. Ku gyara zama ku saurara da kyau, domin hukuncin ƙarshe a bakinku yake.

Baba Dogara ya yi shekara talatin da huɗu yana awon jini a wannan asibiti kafin ya ajiye aiki. A kan wannan bencin baranda aka taɓa gaya masa irin wannan magana, shekara ashirin da tara da suka wuce, game da matarsa Kyauta. Jininta O nagetif ne, wanda da ƙyar ake samun mutum biyu ko uku masu shi cikin ɗari. Aka nema daga hantsi har la'asar ba a samu ba. Ta tafi ta bar masa jaririya, ta kuma bar wa jaririyar irin jininta. Bayan wata biyu ya gano cewa telan da ke layi na biyu bayan asibiti yana da wannan jini, kuma ranar yana shagonsa yana ɗinki. Ba wanda ya sani, har shi telan. Tun daga lokacin Baba Dogara ya sayi littafi mai baƙin bango, yana bin gida gida yana rubuta suna, unguwa da rukunin jini.

Da littattafan suka kai goma sha ɗaya, idonsa kuma ya fara gajiya, sai ƙawayen Hannatu uku, waɗanda suka taso tare tun firamare, suka ce za su mayar da aikin shafin intanet. Ba irin shafin da yake kamar allon sanarwa ba, wanda ake rubutawa sau ɗaya kowa ya karanta abu guda. Wannan kamar magatakarda ne zaune a bakin rumbu: ka tambaye shi, ya shiga ya duba ya fito maka da amsa, ka ba shi sunanka, ya shiga ya ajiye. Irin wannan shafi yana tsaye ne a kan ƙafa uku. Rifkatu, wadda ke aiki a Jos, ita ta rubuta manhajar, wato magatakardan. Ladidi mai buga takardu a bakin kasuwa ita ke kula da rumbun bayanai, inda sunaye ke kwance. Uwani mai shagon gyaran waya ita ta yi wa shafin rajistar suna, ta kuma kama masa masauki a babbar kwamfutar wani kamfani, inda zai zauna a kunne dare da rana.

Baba Dogara ya kafa sharuɗɗa biyu. Na farko, kada lambar wayar kowa ta fito fili, domin ya yi wa mazajen mata da iyayen 'yan mata alkawari. Don haka Rifkatu ta kulle lambobin, shafin ne da kansa ke aika saƙo ga masu jinin da ake nema, kuma mutanen gari sun san ba su amsa kiran jini sai wanda ya zo da sunan shafin. Na biyu, a rubuta adadin masu rajista a fuskar shafin, daidai, ba ƙari ba ragi. Rifkatu ta ce, "Baba, wannan fa duk wanda ya buɗe shafin, sai magatakarda ya shiga rumbu ya ƙirga mutane daga farko. Bari in sa ya riƙa ƙirgawa sau ɗaya a rana." Ya ce, "'Yata, adadin jiya da aka nuna yau ƙarya ce, ko da ta yi ladabi." Ta bar masa. Kowace safiya yakan buɗe ya duba. A safiyar wannan Talata adadin dubu ɗaya da ɗari takwas da arba'in da shida ne.

Kada ku ce tsohon bai yi shiri ba. Tun cikin Hannatu yana wata shida ya tanadi mutum biyu masu irin jininta. Amma haihuwar ta zo da sauran mako uku, ɗaya yana kwance da zazzaɓi, ɗayan yana ƙetaren rafi, ruwan kwana biyu kuwa ya shanye gada. Wannan gadar ce kuma hanyar babban asibitin birni. Likita ya ce awa huɗu ne iyakar abin da zai iya riƙewa.

Da ƙarfe goma da minti ashirin da biyar Ladidi ta ji labari. Nan take ta rubuta a duk zaurukan waya na garin, na coci da na masallaci da na 'yan kasuwa: Hannatu na neman jini, kowa ya shiga shafi. A Kurmin Tsauni kuwa abin kunya ne a ji maƙwabci na cikin wahala a ce ba a gan ka ba. Mutane suka shiga kamar ana gaisuwar mutuwa, mai rajista da marar rajista, na gida da na Legas. Wanda ya shiga kuma bai fita ba, sai ya yi ta sake buɗewa don ya ga ko adadin Baba ya ƙaru. Kowace buɗewa, magatakarda ya koma rumbu ya ƙirga daga farko. Masaukin da Uwani ta kama kuwa ɗakin tarayya ne, shafuka ɗaruruwa ke kwana a ciki. Da na'urar kamfanin ta ga shafi ɗaya ya cinye wurin kowa, sai ta rufe shi, ta kuma rufe shi yana tsakiyar rubutu, rumbun ya tsage.

Da ƙarfe goma da minti arba'in da biyar ma'aikaciyar jinya ta samu ta zauna gaban kwamfuta don ta nemi masu O nagetif. Farin allo ta gani. Uwani ta rubuta wa kamfanin, amsa ta dawo nan take cewa za a duba ƙorafinta cikin awa arba'in da takwas. Jama'a suka cika harabar asibiti suna miƙa hannu, amma ruwan gwajin da ya rage na mutum arba'in ne, aka gwada arba'in, ba ko ɗaya. Baba Dogara ya koma kan bencin ya zauna, ya cire agogonsa ya ɗora a gwiwa. Ya gane abin da ya faru sarai. Zumuncin gari ne ya danne shafin, kuma adadinsa ne ya ba zumuncin nauyi.

Uwani ba ta tsaya jiran kamfani ba. Babu wuta a gari, sabis kuma ya yi rauni saboda hadari, sai ta hau acaɓa zuwa kan tudun tankin ruwa, ta zauna a kan dutse da lema da kwamfutar cinya. Ta kama wa shafin sabon masauki a wani kamfani, ɗaki nasa shi kaɗai. Saura a juya sunan shafin ya daina nuna tsohon ɗaki ya nuna sabo, domin in ba da wannan suna ba saƙo ba zai fita ba, in ma ya fita ba mai amsawa. Masu rajistar suna suka ce sun aika lambar tabbatarwa zuwa layin wayar da aka yi rajista da shi shekara huɗu baya. Wannan layi ta daina amfani da shi tun tuni, amma ba ta yar ba. Yana naɗe cikin takarda a jakarta, duk wata takan sa shi a waya ta yi kira ɗaya don kada a rufe shi. Da ƙarfe sha ɗaya da minti hamsin sunan ya juya. Amma ɗakin fanko ne.

Ladidi kuwa tana da wata ɗabi'a da ƙawayenta ke yi wa dariya. Kowace Juma'a bayan azahar takan kwafe rumbun gaba ɗaya ta zuba a filashi, ɗan abin nan na ajiyar bayanai, ta ɗaure shi cikin makullan shagonta. Uwani takan ce, "Hajiya Filashi, kamfani ma fa yana ajiye kwafi." Ita kuma ta ce, "A ina yake ajiyewa? In a ɗakin ne, ranar da aka kulle ɗaki sai ki leƙa ta taga ki gaishe shi." Haka kuwa aka yi, kwafin kamfani yana cikin ɗakin da aka rufe. Ladidi ta hau tudun a ƙafa, zane jiƙe. Sau biyu tana aika kwafin yana yankewa a hanya, sai ta raba shi kashi huɗu ta tura ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wani abu. Ranar Alhamis ta kai tayar kekenta wajen Barau mai faci, ta ji ya ce wayarsa ta faɗa rijiya ya sake layi. Ba ta bar wurin ba sai da ta gyara lambarsa a rumbu, Juma'a ta kwafe. Da ƙarfe sha biyu da rabi sunaye suka isa sabon ɗaki. Amma lambobinsu a kulle suke, ba mai karanta su.

Rifkatu tana zaune a layin ganawar neman wani aiki da ta shekara biyu tana jira, saura mutum ɗaya a kira ta, saƙon ya same ta. Ta tashi ta fita ta zauna a matakalar benen. Makullin lambobin yana hannunta, manhajar ma haka. Ta ɗora ta a sabon masauki, manhajar ta ƙi tashi, domin kayan aikin sabon ɗaki na bana ne, ginin nata kuwa na shekara huɗu baya. Ta bi layi layi ta samu wuri uku da ba su jitu ba, ta gyara. Ta kuma san in ta buɗe ƙofa yadda take, jama'ar nan za su sake danne shi cikin minti biyar. Ta rufe ƙofar rajista, ta bar wa asibiti ƙaramar ƙofa ta gefe, ta sa wa sauran jama'a allo marar motsi mai cewa an gode, a jira saƙo. Sannan ta kira tsohon.

"Baba, zan cire adadinka."

Ya ce, "Cire, 'yata. Da ma tun farko kin faɗa."

Da ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu saƙo ya fita zuwa mutum tara masu O nagetif da ke wannan gefen rafi. Uku suka amsa. Biyu suna gona, ba su iso ba sai ƙarfe uku saura. Na ukun shi ne Barau, wanda rumfarsa ke kallon katangar asibiti. Ya shigo da ƙarfe ɗaya da minti ashirin da shida, hannu duk baƙin taya, yana cewa, "Tun safe nake ganin taro, na ɗauka ɗan siyasa ne ya zo. Ashe ni ake nema!" Aka gwada jininsa da ɗan ɗigon ruwan gwajin da aka ware, aka ɗiba, da ƙarfe biyu da minti biyar aka rataya ledar jinin. Baba Dogara ya mayar da agogonsa hannu. Saura minti goma sha biyar cikin awa huɗun likita. Hannatu ta rayu.

Ranar suna, mijinta Yunana ya durƙusa ya ce, "Baba, kai za ka raɗa." Tsohon ya so ya ce Kyauta, amma Hannatu ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba, Mama ta tafi da sunanta. Ka sa wa yarinyar nan sunan wadda ta hana ni bin ta." Wani ya ce ai Barau ne, Barau ya ce, "Mace ce fa. Ni ku ajiye mini namiji." Wata ta ce a haɗa mata sunayen ƙawayen nan uku, Baba Dogara ya ce a rajista ana iya jera uku, amma guda ɗaya ake kiran yaro da shi ya zo ya ci tuwo, kuma wannan ne takwara.

Aka juya ga ƙawayen, sai kowacce ta ture. Uwani ta ce ita ta kama ɗakin tarayya tun farko. Ladidi ta ce ita ta tara wa shafin jama'ar da suka kashe shi. Rifkatu ta ce ta san haɗarin adadin nan, ta bari don kunyar tsoho, kuma maginin da ya san bango zai faɗi ya yi shiru ba shi da bakin magana. Ladidi ta harare ta ta ce, "Ke da kika bar aikin shekara biyu a matakala? Rufe mana baki." Rifkatu ta ce, "Da ban da filashinki, me zan buɗe da makullin? Iska?"

Baba Dogara ya yi ta juya abin. Ba don Uwani ba, da sunaye da manhaja ba su da wurin tsayawa, ba su da sunan da gari zai amsa wa. Ba don Ladidi ba, da an gyara ɗaki an zaunar da magatakarda gaban rumbun da ba kowa, Barau kuma yana can yana faci kamar telan nan na da. Ba don Rifkatu ba, da ga ɗaki ga sunaye, a kulle, har awa huɗu ta cika. Mutumin da bai taɓa barin layi ɗaya fanko a littattafai goma sha ɗaya ba, ranar ya kasa cike gurbi guda.

Aka ci abinci, aka jira, rana ta yi sanyi, baƙi suka fara sallama ba su ji suna ba. Da ƙarfe biyar saura kwata, waɗanda suka rage a tsakar gidan su ne: Baba Dogara, da alƙalami a hannu da takardar suna a gwiwa, fasto, wanda ya sha shayi kofi uku, Yunana, Hannatu a kan tabarma, jingine da bango, Barau, yana jiran a ƙulle masa sauran nama, Uwani, Ladidi da Rifkatu a benci ɗaya, kowacce tana kallon ƙasa, kujerar Kyauta, wadda ba a taɓa bari wani ya zauna a kai ba, da jaririya mai kwana bakwai, tana barci ba suna.

To, ku da kuka ji yadda aka yi tun daga ƙarfe goma da minti ashirin, sunan wa ya kamata tsohon ya rubuta: Uwani, Ladidi, ko Rifkatu?