Turmin Tasalla da Ƙofar Zinariya

An ce wani sarki ya yi zamani a wata alƙarya ta gindin dutse, kuma Allah ya yi shi da son tambaya kamar baƙo. Ba ya ganin abu ya bar shi ya wuce. Ya taɓa tsayar da fadanci cak don a gaya masa abin da ya sa kaza ke ɗaga kai sama in ta sha ruwa, fadawa suka yi ta kame-kame har aka kira azahar. Talakawansa suna ƙaunarsa, amma fadawansa sun fi tsoron "Me ya sa?" ɗin nan nasa a kan bulalar dogari.

Ana nan sai aka gano zinariya a jikin dutsen da ke bayan gari. Sarki ya yi murna, ya ƙudura a ransa sai ya lulluɓe ƙofar fadarsa da ita. Ya sa a riƙa farfasa dutsen ana raba wa gidajen Unguwar Kwari, wadda ta fi kusa da wurin, kowane gida ya daka rabonsa ya zama gari, a kai wa maƙera su tace. Aiki ya kankama, rabin ƙofa ya soma ƙyalli. Kowace safiya Tanko, mai unguwar, yakan zo ya faɗi gaisuwa. Sarki ya ce, "Yaya jama'a?" Shi kuwa ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe, sai godiya."

A cikin wannan zamani wani malamin ɗibbu, wato ilimin likitanci, mai suna Uzairu ya sauka a garin, a kan hanyarsa ta dawowa daga gabas. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya yi karatu a birane masu nisa. Sarki ya samu abin da yake so, ya hana shi wucewa, kullum yana zaunar da shi kusa yana yi masa ruwan tambayoyi.

Wata rana da hantsi sarki ya ce, "Malam, cikin dukan fannonin da ka karanta, wanne ya fi ba ka wuya?"

Uzairu ya ce, "Ya sarki, wani fanni ne da malamai suka ba shi suna da harshen Yunanawa, suka ce masa fatolojiya."

Sarki ya gwada faɗin sunan, harshensa ya harɗe, ya yi dariya. Ya ce, "Wannan suna ai sai da alwala. Me yake nufi?"

"Kalma biyu ce aka ɗaure wuri ɗaya, ya sarki. Ta farko, fatos, ita ce wahalar da mai ciwo yake sha. Ta biyu, logos, ita ce bincike da bayani. In aka haɗa, ya zama binciken wahala."

"To me ya raba shi da aikin mai magani?"

"Mai magani yana tambaya me zai ba mara lafiya. Mai wannan fanni yana tambaya daga ina cutar ta taso, ta wace ƙofa ta shiga, kuma wace ɓarna take yi a cikin jiki."

Sarki ya gyara zama. Ya ce, "Ina cuta take sauka in ta zo gari?"

"Inda ba a tambayar baƙo sunansa."

"Me take ci?"

"Shirun masu gida."

Sarki ya buɗe baki zai ƙara wata, sai hayaniya ta tashi a ƙofar fada. Dogarai suka shigo da Mai unguwa Tanko, a bayansa taron mutane sun tasa wata tsohuwa a gaba, zanenta duk ƙasa, gefen goshinta yana jini saboda jifa. Sunanta Tasalla, mijinta da 'ya'yanta maza sun rasu tun tuni, tana riƙon jikoki.

Tanko ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, mayya muka kawo. Yaran unguwarmu sun ƙare. Yaro zai fara da ciwon ciki da amai, sai jijjiga ta kama shi, idanu su juye, shi ke nan. Babu gidan da ba a yi zaman makoki ba sai gidan matar nan, jikokinta ko mura ba su yi. Mun sa ta tsallake wani yaro don ta saki kurwarsa, ta tsallake, yaron ya cika a ranar. Muna roƙo a kore ta daga ƙasar nan ita da zuriyarta."

Sarki ya ji abin kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya ce, "Tanko, ba kai ne kullum kake ce mini lafiya lau ba?"

Tanko ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, ai ba a gaida sarki da mugun labari."

Sarki ya dubi tsohuwa ya ce, "Ke fa, me kika ce?"

Tasalla ta ce, "Zaki, ni ban ci ɗan kowa ba. Rabin yaran nan da hannuna na yanke musu cibiya."

Jama'a suka yi caa. Sarki ya ga in ya sake ta za su kashe ta a hanya, in ya kore ta da ƙananan jikoki cikin daji, kisan ne dai da wani suna. Sai ya juya ga Uzairu ya ce, "Malam, ga wahala ta zo har gida, ga mai bincikenta. In ka gano ƙofar da cutar nan ta shigo, tsohuwa ta tsira. In ka kasa, ba ni da abin da zan tare jama'a da shi, za ta bar gari."

Uzairu ya ce, "Na karɓa, ya sarki, amma ba a binciken wahala daga kan shimfiɗa. Sai an je inda take."

Ai kuwa kamar ya sosa wa sarki inda yake yi masa ƙaiƙayi. Ya cire alkyabba, ya ce da shi za a je.

Gidan farko da suka shiga, sun tarar da wata mata zaune a gindin rumbu, ta rungume ɗanta da ya rage, ƙafafunsa sun zama sillan kara. Ta ga sarki ta yunƙura za ta durƙusa, Uzairu ya ce ta zauna. Ya tsuguna a ƙasa kusa da ita, ya tambaye ta yaushe abin ya fara, me yaron yake ci, ina yake wasa. Da farko ita ma "da sauƙi" ta ce. Da ta ga dattijon bai tashi ba, sai hawaye suka ɓalle mata, ta faɗi komai, har da sunayen biyun da ta binne. Sarki yana tsaye yana ji, tausayi ya kama shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Uzairu ya ɗaga leɓen yaron ya duba, ya roƙi uwar ta buɗe bakinta ita ma. Ya nuna wa sarki wani siririn layi mai duhu a dasashinta, daidai gindin haƙora. Sarki ya ce, "Me ya sa?" Malam ya ce a yi haƙuri tukuna. Ya waiga tsakar gida ya ce, "Baiwar Allah, ga akurki, ina kajin?"

Ta ce, "Sun mutu, Malam, tun kafin yaran. Har agwagi."

Uzairu ya ce wa Tanko, "Mai unguwa, a iya saninka, maye yana cin kurwar agwagwa?"

Tanko ya sosa ƙeya ya ce shi dai bai taɓa ji ba.

Malam ya taka zuwa wurin turmi, ya sa yatsa ya shafo cikinsa. Yatsan ya fito da wata ƙura mai toka-toka, tana ɗan ƙyalli. Matar ta ce a nan suke daka dutsen sarki da rana, da yamma su ɗauraye su daka geron kunu. Ƙurar tana kan tabarma, tana bakin randa, tana ƙasan da yara ke rarrafe. Suka shiga gida na gaba, da na gaba da shi, duk labarin ɗaya ne.

Daga nan Uzairu ya ce a kai shi gidan Tasalla. Ya ce wa sarki, "Mutanen nan sun yi tambaya mai kyau, me ya sa gida ɗaya ya tsira. Amsar ce suka yi wa gaggawa."

Suna shiga kaji suka watse da gudu, jikoki suna ta tsalle-tsalle. Malam ya shafa cikin turminta, yatsansa ya fito da dusar gero kawai. Ya ce, "Iya, ina rabonki na dutse?"

Tsohuwa ta saci kallon sarki. Can ta ce, "Tunda abin ya zo nan, sai in faɗa, a yi mini abin da za a yi. Duk ran da aka kawo mini, bayan ganuwa nake kaiwa in zubar. Turmin nan na uwata ne, tunda aka sassaƙa shi hatsi kaɗai ya sani. Ban ga yadda zan zuba dutse inda nake daka abincin marayu ba, ko da na sarki ne."

Tanko ya zabura. "Kun ji ko! Ga maita ga saɓa umarni!"

Sarki ya ɗaga masa hannu. Zuciyarsa ta riga ta soma gaya masa abin da ba ya so ya ji, amma mai tambaya ba ya iya tsayawa a rabin hanya. Ya ce, "Malam, faɗa mini ƙarshensa."

Uzairu ya ce, "Ya sarki, dutsen nan ba zinariya kaɗai ke cikinsa ba, akwai dalma, kuma dalma guba ce. In aka daka ta zama ƙura, sai ta bi abinci da ruwa da hannun yaro ta shiga ciki. Layin nan mai duhu da ka gani a dasashi, alamarta ce. Babba yana daɗewa yana jurewa, ƙaramin yaro da kaza ba sa iyawa. Ta turmi cutar ta shigo."

"To wane ne mayen?"

"Ya sarki, ni aikina in bi sawun cuta har inda ta taso. Na bi ta daga ciki zuwa ƙwarya, daga ƙwarya zuwa turmi, daga turmi zuwa dutse. Saura taki ɗaya, kuma ba na tsammanin sarki yana bukatar ɗan jagora."

Sarki ya tuna da rabin ƙofarsa mai ƙyalli, ya tuna da sunaye biyun da matar nan ta ambata, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Shi da ya tsayar da fada saboda shan ruwan kaza, bai taɓa tambayar a cikin me ake daka dutsensa ba.

Ya ce, "Ni na aiko da shi."

Nan take ya hana dakan dutse a cikin gari. Ya sa a ƙone turamen unguwar a sassaƙa sababbi, a kankare ƙasar kowace tsakar gida a kai ta nesa, a zubo sabuwa, a kwashe yaran da suka rage zuwa wata unguwa Malam Uzairu ya yi jinyarsu. Sannan ya juya ga Tasalla, a gaban waɗanda suka jefe ta, ya ce, "Iya, ki yafe mini."

Ta ce, "Ni nawa mai sauƙi ne, Zaki, goshi ne, zai warke. Ka je ka roƙi waɗanda suka yi goyo suka sauke a kabari."

Sarki ya je, gida gida, da ƙafarsa.

Ƙofar fada kuwa haka ya bar ta har ya mutu, rabi zinariya rabi itace. Duk safiya in mai unguwa ya ce "lafiya lau", sai sarki ya nuna masa ƙofar ya ce, "Na ji gaisuwa, yanzu ba ni labari." In baƙo ya tambayi abin da ya sa ba a ƙarasa ta ba, yakan ce, "Sarkin da bai binciki wahalar talakawansa ba, zai yi ta farautar maye a gari, alhali mayen yana zaune a kan gadonsa."