Mutumin da Ya Ƙi Kashe Kwamfutar Yayansa

Akwai wani mutum wanda yayansa ya rasu a hatsarin mota, ya bar masa kwamfutar cinya. Da ya ɗaga murfinta bayan jana'iza, sai ya tarar da komai a buɗe yadda marigayin ya bari: hotuna, shafukan intanet wajen ashirin, da wata waƙar yabo da yake rubuta wa mawaƙan ikkilisiya, bai gama ba, bai kuma adana ba. Ɗan layin nan mai nuna wurin rubutu yana ta ƙiftawa daidai inda hannunsa ya tsaya.

Mutumin ya ƙudura ba zai taɓa komai ba. Kowace safiya sai ya zauna ya zuba wa layin ido. Batirin kuwa sai zuƙewa yake yi, daga awa uku zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa minti ashirin. Ya sake caja. Ya rage haske. A banza.

Ya kai wa mai gyara a kasuwa. Mai gyara ya duba, ya ce, "Ɗan'uwa, yaushe rabon da a kashe ta?"

"Wata bakwai."

"Wata bakwai ba hutu? Ko injin niƙa ana barinsa ya huce. Waɗannan abubuwa ne ke shanye cajin. Danna nan ka adana, ka rufe su, mu sa sabon batir."

Ya ce, "Hannun Yaya ne ya buɗe su. Ba nawa ne zai rufe ba."

"To, wata rana ita za ta rufe maka."

Ba a yi mako ba iska ta kayar da falwaya, unguwa ta kwana uku babu wuta. Kwamfutar ta mutu a kan cinyarsa. Da wuta ta dawo ya kunna, waƙar ba ta nan. Ya ɗauki biro zai rubuta ta daga ka, sai ya ga ko baiti ɗaya bai riƙe ba. Wata bakwai layin yake kallo, ba waƙar ba.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Batirin zuciyarka ce. Shafukan nan su ne baƙin cikin da ka hana kowa taɓawa, har Ubangiji. Adanawa ita ce ka miƙa masa wanda ka rasa, ya riƙe maka. Yana da zafi, kada wani ya ruɗe ka cewa ba shi da zafi. Amma abin da ka ƙi miƙawa zai cinye ƙarfinka tukuna, sannan ya tafi ba sallama.

Ranar tunawa da marigayin, mawaƙan ikkilisiya sun yi wata tsohuwar waƙa, tunda sabuwar ta tafi.