Malamar Lissafi da Almakashin Gwaggo

Akwai wata malamar lissafi a wata makarantar sakandare, wadda tun tana ƙarama kowa 'Yar Gwaggo yake ce mata. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara shida, sai yayar babanta ta ɗauke ta ta riƙe. Ita Gwaggon mai kitso ce, a barandar gidanta take sana'arta.

Jama'a, Allah ya ba yarinyar nan gashi. Baƙi wuluk, ga cika, in aka tsefe shi sai ya sauko har gadon baya.

Gwaggo tana da 'ya ɗaya ta cikinta, wadda ta girmi yarinyar da shekara uku, ana ce mata Yaya. Ita gashinta bai taɓa wuce kunne ba, kuma ko a jikinta. Ita ce ma take fara tsokanar kanta: "Ni kitsona minti goma ne an gama. Ku masu arzikin gashi ku zauna ku sha zama."

Duk bayan wata uku, ranar Asabar da hantsi, Gwaggo takan shimfiɗa tabarma a baranda, ta hau 'yar kujerarta, ta kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Yarinya ta zauna tsakanin ƙafafunta. Sai ta shafe kan da man kwakwa, ta taje shi a hankali, tana farawa daga baki tana hawa sama. Sannan ta ɗebi ɗan gashi kaɗan, ta murɗa shi kamar zare, ta bi shi da yatsa biyu. Duk inda bakin ya tsage ko ya yi kaushi, yatsunta ne suke gaya mata tun kafin ido ya gani. Nan take datsewa da almakashinta, kuma abin da take cirewa bai kai gaɓar yatsa ba.

Almakashin nan kuwa gashi kaɗai ya sani. Ranar da mijin Gwaggo ya ɗauka ya yanka kwali da shi, kwana uku ta yi ba ta yi dariyar barkwancinsa ba, sai da ya sayo sabo.

"Gwaggo, kar ki yanke da yawa," in ji yarinyar kullum.

"Zauna daidai, uwar ƙorafi. Matacce nake cirewa, ba ruwana da mai rai."

Sau da yawa a nan barci yake kwashe ta, kanta a kan cinyar Gwaggo. Ba ta taɓa samun wurin da hankalinta yake kwanciya kamar wurin nan ba.

A haka ta girma, ta yi karatu, ta kama aikin koyarwa, ta koma wata unguwa kusa da makaranta. Suna ya koma Malama. Amma duk wata uku tana zuwa ta zauna a tabarmar nan.

Wata rana a ofishin malamai ta kwance ɗankwali za ta sake ɗauri. Wata abokiyar aikinta da ake kira Uwar Gayu ta gani, ta dafe ƙirji.

"Ke! Duk wannan naki ne? Me kike shafawa?"

"Man kwakwa ne kawai. Sai kuma Gwaggona da take rage mini bakin duk wata uku."

"Take me? Ana neman tsawo ana yankewa? Ke da kike koyar da lissafi! Ita Gwaggon tana da 'ya?"

"Tana da ita."

"Yaya gashinta yake?"

"Nata bai wuce kunne ba."

"To," in ji Uwar Gayu, ta taɓe baki, ta ci gaba da shan shayinta.

Wannan "to" ɗin ita ce ta yi ɓarna. Malama ta jawo takardar jarrabawar wani ɗalibi, ta juya bayanta, ta ɗauki jan biro. Santimita ɗaya da rabi, sau huɗu a shekara, shida ke nan. Sau shekara goma sha takwas, ɗari da takwas. Ta zuba wa lambar ido. Fiye da mita guda na gashinta an share an zuba a kwandon shara. Wato da ba a taɓa shi ba, da yanzu ya wuce gwiwa! Ta sake bugawa sau biyu, amsa ɗaya take samu. Ita kuwa mace ce da in lissafi ya fita, to magana ta ƙare.

Da Asabar ta zo, ta je gidan. Gwaggo ta riga ta shimfiɗa tabarma, Yaya tana wanki a gefe. Malama ba ta zauna ba. Ta miƙa wa tsohuwar takarda.

"Mene ne wannan, 'yar nan? Kin san ni ban yi boko ba."

"Gashina ne da kika zubar, Gwaggo. Mita guda da ɗoriya."

Gwaggo ta yi dariya, a zatonta wasa ne. "Ai gashi daga kai yake tsirowa, daga baki yake mutuwa. In ba a cire tsagaggen ba, tsagar hawa take yi sama ta cinye mai lafiya."

"Haka dai kike cewa. Ni dai na gane ba a so in yi wa wasu nisa ne."

Yaya ta tsame hannunta daga ruwan wanki. 

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe almakashinta a ƙyalle, ta ce, "Kanki ne, 'yar nan. Allah ya ƙara masa tsawo."

Tun daga ranar Malama ba ta sake zama a tabarmar ba. Tana zuwa gaisuwa, amma a kujera take ɗosana, ɗankwali ɗaure tamau, kafin ruwan da aka kawo mata ya huce sanyi ta miƙe. Daga wata-wata aka koma sau biyu a shekara, daga nan sai waya. In Yaya ta kira ta ce tsohuwa tana cigiyarta, sai ta ce aiki ne ya yi yawa.

Ta koma shagon gyaran gashin da Uwar Gayu take zuwa. Can babu mai ce mata a yanke. Wanki, busarwa, ƙarfen miƙarwa mai zafi, da yabo buhu-buhu. Shekarar farko gashi ya ƙara tsawo, har ya kusa ƙugu. Malama ta auna da rula, ta ce ai ga shi, lissafi ba ya ƙarya.

A shekara ta biyu bakin ya fara yin ja, ya yi kaushi kamar tsohuwar tsintsiya. A ta uku, duk tajewa sai mataji ya cika. Ribon ɗin da a da sau biyu take naɗawa ya kama, yanzu sai ta naɗa sau huɗu. A ta huɗu, tsawon da take taƙama da shi ya koma 'yan silalla da ake hango rigarta ta cikinsu.

Rannan mai shagon ta ɗaga gashin, ta jujjuya, ta ce, "Malama, gaskiya wannan sai dai mu ɗora miki na kanti a kai. Ba wanda zai gane."

Malama ta kalli kanta a madubi. Ba gashin ne ya fi ƙona mata rai ba. Baranda ta tuna, da rediyo, da hannun da ya shekara goma sha takwas yana bin kanta sili-sili bai taɓa gajiya ba. Kunya ta rufe ta. Ta ɗaura ɗankwalinta ta fita.

Washegari da hantsi ta isa gidan. Gwaggo tana baranda, ta rame, ta ƙanƙance. Ciwon gaɓɓai ya lanƙwashe mata yatsu. Shekara biyu ke nan da ta bar kitso, Malama ba ta ma sani ba.

Ba ta nemi kujera ba. Ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafun tsohuwar, ta cire ɗankwali. Ta buɗe baki za ta yi magana, kuka ya ƙwace mata.

"Zauna daidai," in ji Gwaggo. Ta ɗora hannu a kan. "Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Ni ce, Gwaggo. Ki yafe mini."

"Tun ranar na yafe. Sai dai kin zo a makare, ba na iya riƙe almakashi." Ta ɗaga murya ta kira Yaya. "Ke, kawo abin nan. Ni zan nuna, ke ki yanke."

Yaya ta fito da ƙyallen a hannu. Malama ta kasa haɗa ido da ita.

"Yaya, abin da na faɗa..."

"Bari kawai. Yau dai gashinki ya shigo hannuna, sai ki yi addu'a."

Dukansu suka yi dariya, da hawaye da komai.

Gwaggo ta murɗa gashin da ƙyar, ta fara binsa da yatsa biyu. Malama tana jin yatsun suna hawa. Suka bar ƙugu, suka wuce gadon baya, suka wuce kafaɗa, ba su tsaya ba. Sai a dokin wuya suka tsaya.

"Nan," in ji Gwaggo.

Malama ta runtse ido, ta ce, "Yanke, Yaya."

Gashin da ta ƙi a rage wa gaɓar yatsa, ranar tsawon tafin hannu uku aka zubar.

Sau biyu kacal suka sake irin wannan zama. Kafin na uku Allah ya yi wa Gwaggo rasuwa.

Yau gashin Malama ya koma gadon baya, baƙi, cike, Yaya ce take rage mata bakin. In wata ta yaba ta tambayi sirrin, takan gaya mata komai ba ta ɓoye ba, har da takardar da jan biron. Sannan ta ce, "Gashin cikin shekara biyar ya dawo. Shekara huɗun da na hana Gwaggo kaina ne har gobe nake nema."

Darasi: Mai son gashi ya yi tsawo dole ta haƙura a riƙa cire ɗan abin da ya lalace, tun bai ci mai lafiya ba. Haka gyaran masoyi yake: yana rage maka kaɗan don ya tsare maka mai yawa. Kada zugar wanda ya san ka jiya ta sa ka zargi hannun da ya raine ka, kuma in ka yi kuskure ka koma da wuri, domin tsofaffinmu ba za su jira mu har abada ba. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, kuma mai Gwaggo a raye ya je ya gaishe ta yau.