Shafin Ƙarshen Rumasa'u

An zalunce ni a garin Funtuwa, zaluncin da tun kafa garin nan ba a taɓa yi wa wani mai hula irinsa ba. Ni Tanimu Mai Caji, wanda wayoyin rabin unguwa suke wuni a hannunsa, wanda ko tari janaretonsa ya yi sai matan aure sun aiko a duba lafiyarsa, yau ni ne 'yar yayata take aika wayarta caji shagon wani. Kuma ta ƙofar shagona ake wucewa da ita, a tafin hannu, kamar ana kai lefe. Na kai ƙara wajen mai unguwa, ya yi dariya har rawaninsa ya warware. To na kawo muku, ku da kuke da sauran imani. Ku gyara zama, akwai hukuncin da za ku yanke.

Rumasa'u 'yar Yaya Lami ce, yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Yarinya ce 'yar shekara goma sha bakwai, mai ciwon sikila. Bara ciwon ya sauka mata a ƙugu, ya raba ta da makaranta, ya kwantar da ita a ɗakin uwarta. Ƙawayenta suka yi ta zuwa dubiya, suka rage, suka daina. Sai ta fara rubuta labari a waya, tana saka shi shafi-shafi a wani zauren WhatsApp na masu karatu. Ba da sunanta ba, da sunan 'Yar Tafki. Labarin wata ɗaliba ce a makarantar kwana, Sakina, wadda ta gaji munduwar azurfa daga kakarta. In ta sa munduwar ta je bakin tafkin bayan makaranta, sai wani saurayin aljani mai kunya ya fito su yi hira. Ran nan aka wayi gari an sace munduwar. Babu munduwa, babu ganin saurayi.

Zauren ya rabu gida biyu. Akwai 'yan bincike, waɗanda ba su damu da kowa ba sai ɓarawo. Kullum suna lissafin wa ya fita daga ɗakin kwana, wa ya yi ƙaryar ciwon ciki. Akwai 'yan soyayya, waɗanda ko munduwar ta faɗa rijiya ba ruwansu, su dai a bar Sakina ta ga aljaninta. Wata ta rubuta, "Aljanin nan ya cika sanyi, wallahi ko ruwan randa ya fi shi zafi." Wata ta amsa, "Ke je ki nemi ɓarawonki, ki bar mana mijinmu." Wannan faɗan shi ne abincin Rumasa'u. Don ta ga me aka ce, take tashi zaune. Don ta samu ƙarfin rubutu, take shan maganinta ba a yi mata magiya ba. Yaya Lami ta ce mini rabon da ta ji dariyar yarinyar nan tun kafin damina.

Ni kuma a shagona ake cajin wayar. Mutum yana zaune, waya tana gabansa, ba makulli. Me za ku yi? Na karanta. Na karanta abin da ta saka, na karanta har abin da ta ajiye ba ta saka ba. Labarin ya yi daɗi, na ce jinina ne, dole. Sai na sa kaina a zauren. Na tarar da yara suna ta lalube a duhu, wannan ta ce mai gadi ne, waccan ta ce shugabar ɗalibai. Tausayinsu ya kama ni. Na rubuta musu cewa ni dattijo ne mai hangen nesa, na yi nazari, ɓarauniyar ita ce Luba, aminiyar Sakina, kuma ta binne munduwar a tukunyar shuka ta ƙofar ofishin shugaba. Taimako ne. Na zauna ina jiran a ce kai, Malam, wannan ƙwaƙwalwa!

Ba a ce ba. Da shafi na gaba ya fito aka ga Luba tana shawagi kusa da tukunyar, sai zauren ya juya. Aka ce labarin da tsoho ya gano tun daga nesa ai ba labari ba ne. Aka ce marubuciyar yarinya ce, ta je ta koyo. Masu fita suka fita. Zauren irin wanda saƙonni suke gogewa da kansu ne bayan mako, ita kuma Rumasa'u ta goge wanda ke wayarta kaf, ta kashe wayar, ta juya fuskarta ga bango. Ta daina magana. Kunu sai an ɗura mata, magani sai uwarta ta yi kuka. Na sayo balangu mai zafi na kai mata, ko juyowa ba ta yi ba. Na koma bayan janareto na tsaya. Hayaƙinsa yana sa ido ruwa, kowa ya sani.

A nan mutum uku suka shigo, kuma a kansu nake so ku yi hukunci.

Ta farko Hindatu, ɗalibar koyon aikin jinya a Zariya, shugabar 'yan bincike. Ba a taɓa saka shafi ta yabe shi ba. Ita ce mai cewa a shafin baya an ce tagar a rufe take, yaya yanzu iska ta shigo? Da aka ji marubuciya shiru, kowa ya ce ta gudu. Hindatu ta ce wanda ya gudu yakan yi sallama, wannan shirun na mara lafiya ne. Ba wanda ya san 'Yar Tafki, lambarta a kashe. Sai ta zauna ta yi tunani. Mai hasashe zai iya cewa Luba ce, amma tukunyar shuka ba a taɓa ambatonta a shafukan da aka saka kafin maganarsa ba. Ke nan mutumin nan karantawa ya yi a wayar marubuciyar. Wane namiji ne yake riƙe wayar mutane tsawon wuni? Ta buɗe hoton da ke kan lambata. Ga ni nan cikin babbar riga, hula ta karkata daidai, a bayana allon shagona da sunan layi da komai. Hoto ne mai kyau, kowa ya faɗa. Ranar Asabar sai ga wata siririyar yarinya mai tabarau a ƙofar shagona.

"Baba, kai ne mai hangen nesa?"

"Ni ne, 'yata. Labarina ya kai Zariya ke nan."

"Ya iso. Wayar wa ka buɗe?"

Na ce mata a zamaninmu ana fara gaisuwa. Ta gaishe ni har ƙasa, ta tambayi iyali, ta tambayi kasuwa, sannan ta ce, "To, wayar wa ka buɗe?" Na rufe shago na raka ta. Ta ga Rumasa'u, ta ga kwanon kunu da ƙudaje, ta fito tsakar gida ta rubuta wa zauren gaskiyar abin da ya faru, har da sunana, ba ta ko sa Alhaji ba. Da ba don Hindatu ba, babu wanda zai san inda yarinyar take, balle ya san halin da take ciki.

Ta biyu Mardiyya, daga wani ƙauye a bayan Bakori. Ita 'yar laɓe ce, irin masu karantawa su yi gum. Tun da aka buɗe zauren ba ta taɓa rubuta ko sannu ba, har an sha barazanar cire irinsu. Mahaifiyarta ta makance shekarun baya, kuma tana son labari. Duk shafin da ya fito sai Mardiyya ta karanta mata a bayyane, tana ɗaukar muryar a waya, ta zuba a ɗan katin rediyo don tsohuwar ta riƙa maimaitawa in ita ta tafi markaɗe. Da ta ji an ce labarin ya goge a ko'ina, sai ta ɗauko rediyon tsohuwar. Ta cire katin, ta ƙulle shi a bakin mayafi, ta hau mota. Ta yi sallama a gidan Yaya Lami da muryar da sai ka kasa kunne, ta mayar da katin cikin rediyon da ta riƙo, ta ajiye shi kusa da matashin Rumasa'u, ta kunna. Labarin ya fito tun daga shafin farko, babu kalmar da ta ɓata. A bayan muryar Mardiyya kuma ana jin tsohuwar. Tana cewa, "Kai, wannan ɗan aljani da kunya yake, ya fi samarin garin nan." Tana dariya har da tari. Wani wurin tana cewa, "Maimaita mini nan, inda ya ce mata ta koma kada a rufe ƙofa." Kafaɗun Rumasa'u suka fara rawa. Da ba don Mardiyya ba, ko yarinyar ta so ci gaba, babu abin da za ta ɗora a kai.

Amma ba ta juyo ba. Da rediyon ya yi shiru, ta yi maganarta ta farko, da bango take yi. Ta ce, "Na gode. Amma ya mutu. Kowa ya san ɓarauniyar."

Ta uku Barira, mai koyon ɗinki a Gusau, uwar 'yan soyayya. Ba ta iya dogon rubutu ba, saƙon murya take turawa, rabinsa kuka. Ta matsa wa yayanta har ya kawo ta, ta iso da ledar alkaki da idanu jawur. Ta zauna a bakin gadon kamar a ɗakinsu, ta ce, "Wace ɓarauniya? Ni wallahi har na manta an saci wani abu." Ta ce da labarin ya tsaya ta kasa haƙuri, 'yan shagon ɗinkinsu ma suka hana ta sakat, sai ta ƙarasa musu shi da kanta. Ba wanda ya roƙe ta, ta fara. Wai aljanin ya fito daga tafki a farar mota. Wai ya je ofishin shugabar makaranta ya nemi auren Sakina, ya kawo akwatuna har ba wurin ajiyewa. Wai ya buɗe mata shagon atamfa a ƙarƙashin ruwa. Tana faɗa tana share hawaye, don ita har zuciyarta abin ya yi kyau. Hindatu, da ta sake zuwa dubiya ranar, ta cire tabarau ta rufe fuska. Da Barira ta kai inda aljanin ya kama waƙa a wajen kamu yana rawa, sai muka ji gado ya yi ƙara.

"Ba zai taɓa yin rawa ba."

Rumasa'u ce, ta dogara da gwiwar hannu, ta juyo.

"Zai yi mana," in ji Barira. "Ranar aurensa ce fa."

"Mutumin da ko sunanta ba ya iya kira sai ya sunkuyar da kai? Kuma ba ya iya nisa da ruwa, wace mota? Ke kin karanta labarin nan kuwa?"

"To in ba haka ba, yaya za su haɗu?"

"Luba ce ta ɗauka, amma ba ku san dalilin..." Ta tsaya. Ta dubi uwarta. "Umma, ina wayata? Kuma akwai sauran kunun nan?"

Yaya Lami ta fita da gudu har tana tuntuɓe da turmi. Da ba don Barira ba, da gida an samu, da labari an samu, marubuciyar tana nan tana kallon bango.

Tun daga ranar ta ci gaba. Mardiyya tana kunna rediyo tana tsayarwa, Hindatu tana mayar da shi rubutu tana gunagunin tagar nan, Barira tana kiran waya kullum tana roƙon a sa ko 'yar ƙaramar rawa. Waɗanda suka fita suka dawo, don ashe sanin wa ya sata bai kai sanin me ya sa ba. Yanzu Rumasa'u tana takawa har bakin ƙofa da sanda, ta yi kumatu. Ni kuwa na nuna wa Yaya Lami cewa da ban yi abin da na yi ba, da ukun nan ba su taɓa sanin juna ba, saboda haka a duba lamarina. Muciya ce a hannunta lokacin. Na janye maganar.

Saura shafi ɗaya. Al'adar zauren ita ce marubuciya ta rubuta sunan mai karatu guda a saman shafin ƙarshe, ta ce wannan naki ne. Rumasa'u ta so ta sa uku. Hindatu ta ce sam, suna uku a shafi ɗaya kamar ɓarayi uku ne a labari ɗaya, ragwanci ne, a sa Mardiyya. Mardiyya ta sunkuyar da kai ta ce ita karatu kawai ta yi wa mahaifiyarta, a sa Barira. Barira ta fashe da kuka ta ce ita da aka ce ta ɓata labari, a sa Hindatu. Rumasa'u ta ce ta rubuta shafin, yana nan, amma ba za ta sake shi da sarari a samansa ba, kuma ba za ta iya zaɓa ba, don duk wadda ta tuna sai ta ga ita ce. Zaure yana jira. Tsohuwar nan ta bayan Bakori kullum sai ta tambaya ko Sakina ta ga yaron.

To ga ku nan. Wadda ta nemo gidan, da wadda ta kawo labarin a bakin mayafi, da wadda ta tayar da mai labarin zaune: sunan wa Rumasa'u za ta rubuta a saman shafin nan?