Layin Da Bai Fito A Wayar Baba Ba

Akwai wani mutum da abokan aikinsa suke kira Walƙiya, saboda bai san jira ba. Shi ne shugaban sashen fassara a wani kamfani da ke mayar da manhajojin waya zuwa harsunan jama'a. Ilimi kam yana da shi, wannan ba a musu. Matsalar ita ce shi ma ya san yana da shi.

Shekara biyu ya yi yana gina injin fassara. Ka zuba masa jimla dubu, kafin ka kurɓi shayi ya gama. A bangon ofis akwai babban allo: jimlar da ta fita daidai ta yi kore, mai matsala ta yi ja. Walƙiya yana son koren nan kamar ransa.

A kusurwar ofis, jikin taga, akwai wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna Mai Wayoyi. Tun kafin a san da wani inji take fassara. Durowarta cike take da tsofaffin wayoyi, wata ta tsage, wata an ɗaure ta da roba, wata sai an riƙe mata caja kafin ta yarda ta kama.

Aikinta shi ne duk abin da aka fassara, sai ta zuba shi a wayoyin nan, ta ƙara girman rubutu har ƙarshe, ta cire tabarau, ta karanta yadda tsoho zai karanta. Yakan ɗauke ta kwana uku, wani lokacin huɗu. Waɗannan kwanakin su ne suka tsaya wa Walƙiya a wuya.

Ana nan sai wani babban asibiti ya kawo musu aiki. Manhaja ce da za ta riƙa tuna wa marasa lafiya lokacin shan magani, ta kuma gaya musu abin da za su kula da shi. Walƙiya ya yi murna biyu. Na farko, a kan wannan aikin zai gabatar da bincikensa a wani taron masana, ya nuna cewa inji ya isa, ba sai mutum ya sake dubawa ba. Na biyu, mahaifinsa yana cikin masu karɓar magani a asibitin.

Baba tsohon malamin makaranta ne, ciwon zuciya ya kama shi, likita ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini. Baki gare shi, ga barkwanci. In ya fara labarin ɗansa, sai abinci ya huce a gaban baƙo.

Inji ya gama fassarar a yini guda. Allo ya yi kore shar daga sama har ƙasa. Walƙiya ya ce gobe za a miƙa wa asibiti.

Da yamma, ana shirin tashi, Inna ta shigo ofishinsa riƙe da wata 'yar ƙaramar waya da takarda mai shafi biyu.

"Yallaɓai, a ba ni kwana biyu," ta ce. "Akwai saƙonni goma sha ɗaya da ba sa fitowa duka."

"An yi kuskure a fassarar ne?"

"A'a. Fassarar lafiya lau take. Akwatin da saƙo ke fitowa a ciki ne ya yi mata kaɗan. Da Turanci aka auna shi, mu kuwa maganarmu ta fi tsawo. In tsoho ya ƙara girman rubutu, layin ƙarshe sai ya faɗa ƙasa, kuma ba a iya jawo shi."

Walƙiya ya ɗaga wayarsa sabuwa fil, mai faɗi kamar faranti, ya buɗe saƙon.

"Ga shi nan cif. Ina matsalar?"

"A wayarka ke nan, Yallaɓai."

"Haba Inna. Wa yake riƙe irin waɗannan gawarwakin naki yanzu? Ko masu gyara sun daina karɓar su."

Ma'aikata biyu da ke bakin ƙofa suka ƙyalƙyale da dariya. Inna ta ajiye takardar a kan teburinsa, ta ce, "Mai lamba bakwai ya fi damu na." Shi kuwa ya ɗora kofin shayi a kanta.

Washegari aka miƙa aikin. Bayan wata guda, Walƙiya ya rubuta wa manya cewa matakin gwaji a waya ɓata lokaci ne, suka amince. Aka yi wa Inna ɗan taron ban kwana, aka ba ta agogon bango. Ta kwashe wayoyinta a leda ta tafi gida.

A taron masana an yi masa tafi har ya gaji da sunkuyawa.

Ya dawo ya wuce gidan Baba. Ƙanwar Walƙiya, Auta, wadda ke kula da tsohon, ta riga ta sa masa manhajar. Baba ya tare shi da fara'a.

"Zo nan, ɗan nan! Yau waya ta yi min magana da harshen uwata. Na ce wa maƙwabta, wannan aikin ɗana ne. Likita ma yanzu sai dai ya bi layi."

Walƙiya ya yi dariya, ya zauna minti goma, ya ce yana da wani zama. Wayar Baba tana nan a kan tabarma, ƙarama ce, Auta ta ƙara mata girman rubutu saboda idonsa. Bai ɗauka ba, bai ma kalle ta ba. Ni dai wannan wurin ne ya fi yi min ciwo a labarin nan.

Bayan makonni, wata safiya Auta ta ga jini a buroshin Baba.

"Baba, wannan jinin fa? Mu je asibiti mana."

"Ke dai kin cika tsoro. Kawo wayar."

Ya buɗe saƙon, ya karanta mata da ƙarfi irin na malamai: "Ka sha ƙwaya ɗaya kullum, a lokaci guda, kada ka tsallake rana." Ya ɗago. "Kin ji? Kada in tsallake. Da jinin haƙori abin damuwa ne, ai da yayanki ya rubuta."

Haka ya ci gaba da sha har kwana tara. A rana ta goma, da hantsi, yana zaune yana ba jikoki labari, maganar ta karye masa a baki. Ya kife gefe guda.

A asibiti likita ya ce jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa. Ya tambaya ko sun ga wata alama kafin nan. Auta ta faɗi maganar buroshi.

"To me ya hana ku zuwa? Ai an rubuta a manhajar."

"Wallahi babu, likita."

Walƙiya ya zaro wayarsa da zafin rai, ya buɗe, ya nuna mata. Layin yana nan raɗau: "Idan ka ga jini a dasashi ko a fitsari, ka dakata da maganin, ka zo asibiti a ranar."

Auta ta ciro wayar Baba daga jakarta, ta miƙa masa.

"Yaya, nuna min a nan."

Ya buɗe. Saƙon ya tsaya a kan "kada ka tsallake rana." Ya ja da yatsa, ya sake ja, babu abin da ya motsa. A saman akwatin ga lamba ƙarama: bakwai. Ya zauna a ƙasan barandar asibiti, mutane suna raɓa shi suna wucewa.

Daga can ofis ya nufa. Takardar Inna tana ƙarƙashin tarin fayiloli, da zagayen kofin shayi a tsakiyarta.

Ya sami Inna a gidanta tana shanya. Ya durƙusa, ya faɗi abin da ya faru. Ya so ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Amma sai ta ce, "Allah Ya ba Malam lafiya. Mutum nawa ne suke da manhajar yanzu?"

"Sun haura dubu arba'in."

"To kai na babanka ka gani, ɗana. Na sauran, wa zai gaya mana?"

Ta shiga ɗaki ta fito da ledar wayoyinta. A kwana biyu aka gyara saƙonnin goma sha ɗaya, kwana biyun nan dai da ta roƙa tun farko.

Baba ya rayu, amma maganarsa ba ta dawo ba. Hannun dama ya shanye. Auta ta ƙi gaya masa dalili, ta ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Shi ya sa har yau, in baƙi suka zo dubiya, Baba yakan lalubo wayar da hannun hagu, ya ɗaga ta sama, ya nuna ɗansa da haɓa, fuskarsa cike da alfahari. Baƙi su ce, "Masha Allah, Malam, ka haifa." Walƙiya kuwa sai ya tashi ya fita waje.

Darasi: Aikinka bai kammala ba sai ka gan shi a hannun wanda ya fi kowa rauni cikin masu amfani da shi. Na'ura za ta iya ce maka komai daidai ne, amma ba ta san idon tsoho ba, ba ta san wayar talaka ba. Kada ka raina mai ce maka "dakata mu duba", ko da aikinsa ya yi maka kama da ɓata lokaci. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu gaggawar miƙa aiki. Kuma in kun je gida yau, ku ɗauki wayar iyayenku ku duba abin da suke gani.