Yabon Barmo Mai Faci

Wani Ciyaman ya kafa doka: duk wanda ya kushe aikinsa, sai gidan yari. Ranar da 'yan rediyo suka zo garin, ya sa aka kira Barmo mai faci.

"Gaya musu yadda titinmu yake. In ka yi ƙarya, ɗauri. In ka kushe, ɗauri."

Barmo ya washe baki. "Ranka ya daɗe, titi sai sambarka! Rami ɗari uku, kowanne ya fi ɗan'uwansa zurfi. Kullum taya ashirin nake liƙewa. Allah ya maimaita mana!"

Jama'a suka kwashe da dariya. Ciyaman ya daka tsawa: "A kama shi! Zagina yake yi!"

"Ni yabo na yi. Ramukan abin kunya ne?"

"Abin kunya ne mana!"

"To ɗan sanda, ka ji wanda ya kushe aikin Ciyaman."

Ɗan sanda ya zaro ankwa, yana duban su biyun.

Ciyaman ya share gumi. "Ai tsarin mulki ya ba kowa 'yancin magana."

"Kowa, ranka ya daɗe?"

"Kowa!"

Barmo ya gyara murya. "Madalla. To, saura maganar asibiti."